Gwajin Maganin Sauro a Ɗakunan Talakawa: Kankiya da Garki

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wata tambaya da tarihin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ya bar mana: in za a gwada guba a ɗakin da mutum yake kwana, izinin wa ake nema?

Gwaje-gwaje biyu sun auku kusa da ƙasar Daura. A farkon shekarun 1960 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada dichlorvos a gundumar Kankiya, cikin Lardin Katsina, watau lardin da Daura take ciki. Rataya shi aka yi cikin ɗakuna, yana fitar da tururi, mutane suna shaƙa dare da rana. Cutar ba ta yanke ba. Wannan sinadari shi ne dai na cikin Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a 2019.

Na biyu ya fi girma, shi ne Shirin Garki, daga 1969 zuwa 1976, can bayan Ɓaɓura, a ƙasar da take cikin Jihar Jigawa yanzu. A 1972 da 1973 an fesa propoxur a bangon ɗakunan ƙauyuka 164. Wasu ƙauyukan an haɗa musu da ƙwayoyin sha, wasu kuwa an bar su ba feshi domin kwatance. Duk mako goma akan ɗebi jinin mutane, da dare kuma a zaunar da wasu su zama tarkon sauro. Ba shakka duniya ta ƙaru da ilmi mai yawa. Amma da aka daina feshi sai zazzaɓin ya komo.

To, a nan gizo yake saƙa. Ƙa'idar Nuremberg ta 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964 sun shardanta yardar mutum shi kansa. Mu kuwa tsarin da muka gada daga En'e, a Daura da sauran masarautu, shi ne hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa mai unguwa, magidanci ya buɗe ƙofa. A ganina wannan biyayya ce, ba yarda ba, balle matar da ke tsakar gida da jaririnta, wadda ita ta fi kowa daɗewa cikin ɗakin. Ba a tsara shigar Nijeriya dokar ƙasa kan bincike a jikin ɗan Adam ba sai a 2007, bayan abin da ya faru da yaran Kano a gwajin Trovan na 1996.