Motar janwe: Yadda ake jan motar da ke fake, da wanda zai biya idan ta lalace

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya taso daga Zuru zuwa Kano, Kaduna ko Abuja, ya ajiye motarsa a bakin titi ya shiga banki, yana iya fitowa ya tarar da wurin wayam. A gida kuma, a kan hanyar Zuru zuwa Kontagora ta Rijau, ko ta Dabai zuwa Koko ta Mahuta, abin da ya fi faruwa shi ne mota ta mutu, a nemo wata ta ja ta zuwa gareji. Ko wanne ne daga ciki, akwai lokacin da ake karɓar motar a ga giya ta daina shiga ko bamba ta tsage, daga nan sai gardamar wanda zai biya ta tashi.

Motar janwe ta samo asali ne a 1916, lokacin da wani makanike, Ernest Holmes, ya ƙera ta a garin Chattanooga na Amurka. A yau iri uku aka fi gani a titunanmu: mai ƙugiya da sarƙa, wadda ita ce tsohuwar hanya kuma ta fi yin ɓarna; mai cokali, wadda ke shiga ƙarƙashin tayoyi biyu ta ɗaga su; sai mai shimfiɗaɗɗen baya da ake ɗora motar kacokan a kai. Jan mota da igiya ba ya cikin lissafi, ko da yake shi talaka ya fi sani.

Inda ɓarnar take faruwa

Motar da ke fake a ɗaure take ta fuska uku. Birkin hannu ya riƙe tayoyin baya. Sitiyari ya kulle. Idan otomatik ce kuma an bar ta a P, akwai wani ɗan haƙorin ƙarfe a cikin giyabos da ke sarƙe tayoyin da injin ke juyawa. Mai janwe ba shi da makulli, don haka duk gwanintarsa ita ce sanin tayoyin da zai ɗaga da waɗanda zai bari a ƙasa.

Yawancin ƙananan motocin da ma'aikata ke hawa, irin su Corolla, Camry, Accord da Golf, da tayoyin gaba suke tafiya, saboda haka gaban ake ɗagawa. Amma idan birkin hannu na ɗaure, tayoyin baya za su yi ta gogar kwalta, su cinye ta gefe guda, birkin ma ya ƙone. Maganin wannan shi ne a sa wasu ƙananan tayoyi na musamman a ƙarƙashinsu, waɗanda ba kowane mai janwe ke da su ba. Motoci irin su Peugeot 504, yawancin Marsandi da Hilux kuwa, ƙarfinsu a baya yake. Bayan ake ɗagawa, a tabbatar tayoyin gaba sun miƙe an ɗaure sitiyari. Jif mai jan tayoyi huɗu a koyaushe ba ta da wata hanya mai aminci sai a ɗora ta gaba ɗaya, ko a kwance farfela.

Ɓarnar da ta fi tsada ita ce wadda ido ba ya gani. Mutane da dama sun ɗauka da an mayar da otomatik zuwa N shi ke nan, a ja ta ko'ina. Ba haka ba ne. A yawancin irin waɗannan motoci injin ne ke juya famfon da ke zagaya man giya. Idan injin na kashe, tayoyi na juya kayan cikin giyabos, to suna gogar juna ne babu isasshen mai. 'Yar tafiya a hankali cikin gari ba lallai ta yi illa ba, amma jan otomatik da igiya daga Zuru har Kontagora, ga hawa ga gangara, sayen sabon giyabos ne a fakaice. Wani lokaci ma sai bayan kwanaki matsalar ke bayyana, lokacin mai janwe ya daɗe da karɓar kuɗinsa.

Sai kuma wurin maƙala ƙugiya. Kowace mota tana da inda masu ƙera ta suka tanada don haka. Mai gaggawa kan maƙala a ƙarfen da ke riƙe taya ko a ƙarƙashin lagireto, ƙarfen ya lanƙwashe.

Wa ke da ikon ja?

Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988 kuma take aiki da dokarta ta 2007, tana da alhakin kawar da duk abin da ya toshe babbar hanya; lambarta ta gaggawa 122 ce. Jihohi ma suna da nasu: LASTMA a Legas tun 2000, KAROTA a Kano tun 2012. Sai dai kaki kaɗai ba ya ba da iko, dole a samu dokar da ta ba da shi. A watan Oktoban 2024 Mai Shari'a Evelyn Maha ta Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa babu dokar da ta ba jami'an VIO na Abuja ikon kama motoci ko cin tarar direbobi.

Wa zai biya?

Ƙa'idar da kotunan Najeriya ke bi ita ce, duk wanda dukiyar wani ta shiga hannunsa, wajibi ne ya kula da ita yadda mai hankali zai kula. Idan ya karɓe ta lafiya ya mayar da ita a lalace, shi ne zai nuna cewa ba sakacinsa ba ne. Fikihun Malikiyya, da kotunan shari'a na Kebbi ke aiki da shi, ya biyo ta wata ƙofar: wanda aka ɗauka aiki amintacce ne, amma lamuni na hawa kansa idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Jan jif da tayoyinta a ƙasa, ko jan mota da birki a ɗaure, da wuya a kira shi ƙaddara.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne batun laifin fakin. Jami'i kan ce, “Ai kai ka ajiye ta inda bai dace ba.” Gaskiya ne, kuma hukuncin wannan laifi shi ne tara da kuɗin ja. Fasa giyabos ba ya cikin hukuncin. Idan kuma hukuma ce ta ɗauko hayar mai janwe, lauyoyi kan haɗa su biyun a ƙara, kotu ta tantance wanda alhakin ke wuyansa.

Lokaci na da muhimmanci idan da hukuma ake shari'a. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara, wasu hukumomin kuma dokarsu ta ce sai an fara aika musu da takardar sanarwa. Wanda ya ɓata watanni yana zarya ofis ana ce masa ya dawo gobe, zai iya rasa haƙƙinsa ko da gaskiya na gare shi.

Inshora ma ba kullum take ceto ba. Ƙaramar inshorar nan ta dole, da hukumar NAICOM ta mayar da kuɗinta Naira 15,000 ga motar gida daga Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne, har Naira miliyan 3, ba ta gyara taka. Irinta ta mai janwe ma galibi ba ta haɗa da motar da ke hannunsa. Cikakkiyar inshora ce ke gyara motar mai ita, sannan kamfanin ya bi wanda ya yi ɓarnar.

A ƙarshe dai hujja ce ke raba gardama. Idan kana wurin, miƙa makulli a saki birki da sitiyari ya fi a ja ta da ƙarfi, sannan ka ɗauki bidiyon yadda aka maƙala ta da lambar janwen. Idan a harabar hukuma za ka karɓa, zagaya ta kafin ka sa hannu, ka tayar da ita, ka gwada giyar gaba da ta baya a gaban jami'in, duk abin da ka gani a rubuta shi a takardar sallama. Ka riƙe rasit, kuma kada makanike ya kwance komai sai ya rubuta abin da ya tarar, da kwanan wata.