Yaushe ikkilisiya ke biyan kuɗin shari'ar amintattunta da dattawanta?

A ce dattijon ikkilisiya a Maiyama ya sa hannu a takardar sayen fili da yawun majalisa, daga baya magada suka maka shi a kotu da sunansa. Ko ma'aji a Jega wanda ɗan kwangila ya kai ƙara kan cikon kuɗin gini. Wa zai biya lauya, shi ko ikkilisiya?

Ikkilisiyoyin Nijeriya sukan yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a matsayin amintattu masu rajista, ƙarƙashin Kashi na F na dokar CAMA ta 2020. Sashe na 838 ya ce dukiyar ƙungiya sai dai a kashe ta kan manufofin da ke cikin tsarin mulkinta, ba a raba wa 'yan ƙungiya riba. Amma ya yarda a mayar wa ɗan majalisa kuɗin da ya fitar daga aljihunsa saboda aikin ƙungiya. A ɓangaren kamfanoni kuwa, dokar ba ta amince da yarjejeniyar da ke wanke jami'i tun kafin ya yi sakaci ko ya ci amana ba, sai dai ana iya biya masa kuɗin kare kansa idan kotu ta ba shi gaskiya. Wannan ma'auni ne mai kyau a gare mu ma.

Abu na farko da majalisa ke dubawa shi ne izini. Shin an aike shi ne, ko shi ya aiki kansa? A nan muke yawan yin tuntuɓe, domin sau da yawa a bakin ƙofa ake cewa "Baba, je ka ka daidaita da su", ba wanda ya rubuta. Bayan shekara uku rabin dattawan sun sauya, fasto ya tashi, kowa da abin da ya tuna. Layi biyu a littafin taro, da kwanan wata da sa hannun sakatare, sun fi shaidar baki nauyi.

Sai niyya da riba. Ma'ajin da ya zuba baiko a cinikin albasar Aliero don kansa, da nufin mayarwa bayan kasuwa ta tashi, bai cancanci ko kwabo ba, ko da ya saba mayarwa. Wanda ya yi kuskure da zuciya ɗaya, bayan ya nemi shawara, shi kam a tsaya masa.

Mai neman biyan ba ya zama a taron da za a yanke maganarsa, haka ma ɗan'uwansa ko surukinsa. A ƙaramar ikkilisiya inda kusan kowa dangin kowa ne, gara a miƙa batun ga majalisa ta sama, ko a nemi lauyan da ba ruwansa da rikicin ya rubuta ra'ayinsa.

Shari'a kan daɗe, lauya kuma ba ya jiran hukunci. Idan tsarin mulkin ikkilisiya bai hana ba, ana iya ba da kuɗin tun farko, mutumin ya sa hannu cewa zai mayar in an same shi da cin amana. A karɓi rasit na kowane biya, har kuɗin motar zuwa kotu a Birnin Kebbi.