Cyborg: Matashin da aka ceto ransa da ƙarfe

Cyborg, wanda sunansa na yanka Victor Stone, jarumi ne a littattafan labarai masu zane na kamfanin DC Comics da ke Amurka. Marubuci Marv Wolfman da mai zane George Pérez ne suka ƙirƙiro shi a 1980, cikin matasan jaruman jerin The New Teen Titans.

Victor baƙar fata ne, ɗan wasu masana kimiyya biyu, Silas da Elinore Stone, waɗanda suka riƙa gwaje-gwajen ƙara kaifin ƙwaƙwalwa a kansa tun yana ƙarami. Da ya tasa sai ya bijire musu, ya rungumi wasannin motsa jiki.

Wata rana wani gwaji ya ɓaci a ɗakin binciken S.T.A.R. Labs, inda wata halitta daga wata duniyar ta kashe mahaifiyarsa, shi kuma ta yi masa kaca-kaca. Mahaifinsa ya maye gurbin gaɓoɓinsa da wani sashe na fuskarsa da na'urori.

A nan ne labarin ya sha bamban da na takwarorinsa. Da yawansu kan tuɓe kayan jarumta su saje da jama'a, amma Victor ba shi da abin tuɓewa. Da ya farfaɗo bai gode wa mahaifinsa ba, domin a ganinsa gara a ce ya mutu. An hana shi shiga gasa, mutane kuma suna razana idan sun gan shi. Tambayar da ta dame shi ita ce ko shi har yanzu mutum ne.

Sauƙi ya fara zuwa masa ne ta hannun wasu yara masu gaɓoɓin roba da malamarsu Sarah Simms, waɗanda suka ɗauke shi a matsayin ɗaya daga cikinsu. Ya kuma sasanta da mahaifinsa kafin rasuwarsa.

A 2011 DC ta sake fasalin labarin, ta sanya shi cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Justice League tare da Superman da Batman. Sai a 2015, bayan shekara 35, ya samu jerin littattafai mai ɗorewa da sunansa, wanda David F. Walker ya rubuta. Ray Fisher ne ya fito a matsayinsa a fim ɗin Justice League na 2017.