Ɓargo da Ƙaramin Radiyeshin: Yadda Jini Ke Farfaɗowa

Ɓargo shi ne masana'antar jini a jikin ɗan Adam. A cikinsa ake samar da jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iskar numfashi, da fararen da ke yaƙar cututtuka, da waɗanda ke daskarar da jini idan an ji rauni. Uwayen waɗannan ƙwayoyi kullum cikin rarrabuwa suke, kuma tun a 1906 masanan Faransa Bergonié da Tribondeau suka nuna cewa ƙwayoyi masu saurin rarrabuwa su ne radiyeshin ya fi yi wa illa.

Ana auna radiyeshin da ya shiga jiki da milisibat, kuma abin da bai kai 100 ba shi masana ke kira ƙarami. A matsakaici, mutum yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci. Hoton ƙirji ɗaya kusan 0.1 ne, hoton ciki da na'urar CT kuwa yakan kai 10.

Sai radiyeshin ya kai wajen milisibat 500 a lokaci guda, a jiki baki ɗaya, kafin aikin ɓargo ya ja baya a fili. Wani rukuni na fararen ƙwayoyi ne ke fara raguwa cikin kwana biyu, masu daskarar da jini su biyo baya cikin makonni. Jajayen kan jinkirta domin suna rayuwa kimanin kwana 120. Idan isassun uwayen ƙwayoyi sun tsira, sukan hayayyafa su cike giɓin cikin makonni ko watanni.

Ƙasa da wannan mataki, gwajin jini na yau da kullum ba kasafai yake nuna wani canji ba, amma hakan ba ya nufin babu komai. Ƙwayar da ta samu rauni a tsarin gadonta tana iya rayuwa, ta haifar da kansar jini bayan shekaru. Binciken INWORKS na 2015, kan ma'aikatan nukiliya sama da 300,000 a Faransa da Birtaniya da Amurka, ya gano cewa haɗarin yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da ya taru a jiki.

Shi ya sa ƙa'idar duniya ta kayyade wa ma'aikatan ɗakin hoto matsakaicin milisibat 20 a shekara, tare da rataya na'urar awo a jiki. Majiyyaci kuwa, amfanin hoton da likita ya buƙata ya rinjayi haɗarinsa. Maimaita shi ba dalili ne abin gudu.