Littafin Bashin Baba

Bayan sadakar bakwai muka buɗe akwatin Baba, Allah ya jiƙansa, muka tarar da littattafai tara cike da ajami. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana sayar da hatsi a kasuwar Aboabo da ke Tamale. Malamin da zai raba gado ya ce ba mai taɓa ko tsinke sai an san bashin da ake bin mamaci da wanda yake bi. A wannan zama na gane cewa lissafin gidanmu ya girmi shagon.

Kakanninmu fataken Gwanja ne. A Salaga suke sauke kanwa da tufafi, su ɗauki goron Asante, kuɗin kuwa wuri ne, keso guda dubu ashirin. Wa zai tsaya ƙirga wannan a kowane ciniki? Sai aka dogara da bashi. Fatoma shi ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, in mai saye ya gudu shi zai biya. Kansa da shaidunsa su ne littafin. Yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga, wasu suka yi Kete-Krachi, wasu Yeji da Kumasi. Namu sun gangaro Tamale bayan Turawan Ingila sun mai da ita hedikwatar arewa a 1907.

Kuɗi dai bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Wuri ya ba sule da fam hanya, a 1965 sidi ya zo (sunan ma daga kalmar wuri ta Akan aka samo shi), a Yulin 2007 kuma aka yanke sifili huɗu, dubu goma ta koma sidi ɗaya. Gwamnati ta yanke a takarda, bakin 'yan kasuwa bai yanke ba. Har gobe akwai mai cewa miliyan ɗaya yana nufin sidi ɗari.

Baba yana cikinsu. A littafi na bakwai akwai sunan wani maƙwabcinmu, gabansa dubu ashirin, ba kwanan wata, ba yawan buhu. Sidi biyu ne, ko kuɗin mota guda ta masara? Mutumin ya ce bai tuna ba, ƙanena ya ce ƙarya yake. Wata uku ba sa gaisawa.

Shi ya sa da muka zauna zaɓen manhajar lissafi ban damu da ƙawar allonta ba. Ƙanena ya kawo QuickBooks da Tally, wani ya ce Excel ma ya isa. Ni tambayoyin fatoma na yi. Tana hana rubuta bashi ba kwanan wata? Tana karɓar biya kaɗan-kaɗan, rabi a hannu, rabi ta MoMo, wanda ya shigo Gana a 2009 ya zama aljihun kowa? In intanet ya ɗauke, shago zai tsaya? Wanda ya tsaya wa mai cin bashi fa, ina za a sa sunansa?

Mun ɗauki wata ƙarama da ke aiki a waya ko babu intanet. Ba ta da gurbin mai tsayawa, sai muke cusa sunansa a wurin ƙarin bayani. Dubu ashirin ɗin nan kuwa, Inna ce ta kira mu ɗaki ta ce a ja masa layi.