Daga Utai Zuwa Makarantar 'Yan Sanda: Yadda Ilimi Ya Yi Ta Ratsa Wudil

Wanda ya bar birnin Kano ya miƙi titin Maiduguri, bayan tafiyar kamar kilomita 40 zai tarar da gadar Wudil. Ruwan da ke ƙarƙashinta na Kogin Kano ne da na Chalawa, sun haɗu can baya suna gangarawa Haɗeja. Yawancin matafiya kifi suka sani a garin, sai kuma kara, babbar kasuwar shanun da ke ci ranar Juma'a, inda ake loda tireloli zuwa Kudu. Ba kowa ke tuna cewa masu neman ilimi ma sun daɗe suna ƙetare wannan ruwa ba, tun ana shiga kwalekwale.

A ƙasar Hausa in an ce gardi ya tafi gabas, an san Barno ake nufi, wurin tilawa da haddar Alƙur'ani. Ɗaya daga cikin hanyoyin zuwa can ta Wudil ta bi, haka ma alhazan ƙafa masu ratsa Barno da Wadai da Sudan kafin su ga Bahar Maliya. Irin waɗannan matafiya ba allo da tawada kaɗai suke ɗauke da su ba. Su ne jaridar zamaninsu: daga bakinsu ake jin sarkin da ya mutu, da hanyar da ta rufe, da littafin da malamai ke gardama a kansa.

A yankin Wudil ne Fulanin Joɓawa suka zauna, a Utai. Lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Malam Bakatsine na Joɓawa yana cikin malaman Kano da suka amsa kira, tare da irin su Malam Jamo na Sulluɓawa da Dabon Dambazau. Shekaru kaɗan bayan haka Sarkin Kano Alwali ya rasa birni, aka kashe shi a Burumburum. Abin da ake yawan mantawa shi ne, ba takobi kaɗai aka zare ba. Shehu Muhammadu Al-Kanemi na Barno ya rubuto wasiƙu yana tambayar hujjar yaƙar ƙasar da mutanenta ke salla da azumi, Muhammadu Bello ya mayar da martani, ya kuma adana muhawarar cikin littafinsa Infaƙul Maisuri. Wace gwamnati ce halattacciya? Yaushe saɓo ke zama kafirci? Yaushe ya halatta a tsallake iyakar wata ƙasa da makami? Malaman jami'a na yau da ke koyar da siyasar duniya waɗannan tambayoyi suke juyawa, sai dai da wasu sunaye. Ƙasar Kano ta gabas kuwa tana tsakanin masu gardamar biyu.

Bayan jihadi sarautar Makaman Kano ta zauna a gidan Joɓawa. Makama na cikin huɗun da ke zaɓen sarki, tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, kuma da Turawa suka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi, Wudil ta zama mazauninsa. Ko a Basasar Kano da ta ɓarke a 1893, Takai da Yusufawa, ɗaya daga cikin ɓangarorin yaƙin, suka yi sansani tana gaba da Wudil ne a wannan shiyya.

Wannan tarihi shi ya jawo baƙin masana. A 1908 H. R. Palmer ya buga fassarar Tarikh Arbab, kundin sarakunan Kano, a wata mujallar masana a Landan. Wajen ƙarshen shekarun 1950 M. G. Smith, haifaffen Jamaika, ya zauna da dattawa da masu sarauta yana tambayar yadda kowace sarauta ta samo asali da wanda ya gaji wani. Littafin da ya fito daga wannan aiki, Government in Kano, sai a 1997 aka buga shi, bayan marubucin ya rasu. Aiki ne mai nauyi, babu mai musun haka. Amma cinikin bai yi daidai ba: dattawan sun ba da labari da Hausa a zaurukansu, an fita da shi, ya dawo da Turanci bayan kusan shekara arba'in, lokacin da da wuya a sami mai ba da labarin a raye balle ya ce ga inda aka yi masa kuskure.

'Yan gida ba su yi shiru ba. Adamu Fika ya fitar da littafinsa kan Basasar Kano da mulkin Turawa a 1978. A wannan shekarar Halil Ibrahim Sa'id ya kammala digirin digirgir a Michigan ta Amurka kan jihadi a Kano. A Zariya, Yusufu Bala Usman ya yi ta sukar masu taƙaita tarihin ƙasar nan a kan rigimar Haɓe da Fulani, yana cewa a duba sana'a da ƙaura da mallakar ƙasa. A Jami'ar Bayero kuma, inda John Lavers da Philip Shea suka shafe shekaru suna koyarwa, Bawuro Barkindo ya tattara maƙalun 'yan gida da baƙi cikin littafi guda kan tarihin Kano a 1983. A nan ne abin ya fara kama da musaya ta gaske, kowa na iya ƙaryata kowa a zaure ɗaya.

Ita Wudil, rabonta a boko ya fi karkata ga koyarwa da aikin hannu. Ta yi suna da kwalejin horon malamai da makarantar koyon sana'a. Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi karatu a ta biyun, kuma a zamanin gwamnatinsa ne Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kano ta fara aiki a garin a 2001. A 2022 aka sa mata sunan Aliko Ɗangote. Injiniyoyi da masana aikin gona take yayewa.

Nazarin al'umma da tarihi da siyasa sai ya shigo garin ta ƙofar da ba a zata ba. An kafa Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda a 1988, ta fara a wurare biyu na wucin gadi, Chalawa da Kaduna, kafin a haɗe su a Wudil a 1996. A 2012 ta sami izinin ba da digiri, rukunin farko ya shiga a 2013, kuma a watan Disambar 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya halarci bikin yaye su. Ban da fareti da harbi, kuratan na zaɓar fanni: shari'a, kimiyyar siyasa, nazarin zamantakewa, nazarin halayyar ɗan Adam, harsuna, ko tarihi da hulɗar ƙasa da ƙasa. Daga kowace jiha ake ɗibar su, don haka a aji ɗaya za a sami ɗan Bayelsa da ɗan Yobe suna gardama kan Yaƙin Biyafara ko rikicin manoma da makiyaya, abin da ba kowace jami'ar jiha ke iya haɗawa ba.

Wani zai ce me ya haɗa ɗan sanda da siyasar duniya. Tun 1960 aka tura 'yan sandan Najeriya Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, daga baya kuma suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya da Haiti da Darfur. Jami'in da za a ajiye a tsakanin ƙabilu biyu masu gaba yana bukatar sanin yadda gabar ta faro. A ganin mai wannan rubutu, ɗaliban ba sa ma bukatar tafiya nesa don gwaji: karar Wudil, da dillalanta da fatomanta da Fulanin da ke koro shanu daga nesa, da yadda ake ba da bashi a warware rigima ba tare da takarda ba, ta isa a rubuta kundin digiri da dama a kanta.