Garafuni: Yadda Aka Bar Shi a Danga, Ɗan'uwansa Ya Shiga Kasuwa

A ƙasar Gozaki, cikin ƙaramar hukumar Kafur, ba a shuka garafuni. Da damina ta zauna sai ya fito da kansa, ya kama danga ko darni ya yi ta yaɗo, ya fitar da ƙananan furanni masu ruwan ɗorawa. 'Ya'yansa ba su wuce tsawon yatsa ba. In sun nuna sai su yi jawur su fashe, tsuntsaye su tsotse jan naman da ya lulluɓe ƙwayar, su yar da ita a gindin wani shingen. Tsofaffin mata ne suka riƙe saninsa: ganyen a miyar mai jego don jini ya dawo nono ya gyaru, jiƙonsa kuma ga mai zazzaɓi ko ciwon ciki.

Garafuni dangin kabewa ne da duma da guna da kankana. A 1753 masanin tsirrai Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya raɗa wa 'yan'uwa biyu suna: Momordica balsamina, wato namu na bakin danga, da Momordica charantia, wanda Indiyawa ke kira karela, wasu Hausawa kuma daddagu. Zuriyar tana da kusan iri 60, akasarinsu a Afirka, kuma binciken da Hanno Schaefer da Susanne Renner suka wallafa a 2010 ya nuna cewa tushenta duka nan Afirka yake.

Amma a Asiya aka mayar da ɗan'uwan amfanin gona. Nazarin ƙwayoyin halittarsa da aka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa irin da ake nomawa a kudancin Asiya ya rabu da na daji kimanin shekara 6,000 da suka wuce, na kudu maso gabashin Asiya kuma ya ɓalle daga wancan kimanin shekara 800 da suka wuce. Abin sha'awa, manoman ba su kori ɗacin ba. Mutanen Indiya da Bangaladash sun fi son mai ƙurajen fata, mai ɗaci sosai, su kuwa na Tailan da Biyetnam sun zaɓi dogo mai santsi, mai sauƙin ɗaci. Kowace al'umma ta ajiye irin da ya yi wa bakinta daɗi, shekara bayan shekara, har ɗan da bai kai yatsa ba ya zama mai tsawon kamu ɗaya ko fiye.

Masana na zamani sun shigo ta wata ƙofa da ke jikin shukar kanta. Furen namiji daban, na mace daban, duka a kan yaɗo ɗaya, kuma ƙudan zuma ne ke kai garin wannan ga wancan. Matsalar manomi ita ce mazan sun ninka matan yawa, alhali mace ce kaɗai ke zama ɗa. Masu bincike a cibiyar aikin gona ta Indiya da ke New Delhi sun tace layukan da kusan duk furensu mata ne, suna aura su da wasu don a sami yabanya mai yawa da wuri. A Filifin kuwa, kamfanin East-West Seed da Simon Groot ya kafa a 1982 ya fara yin suna ne da auren irin wannan shuka mai suna Jade Star, kuma a 2019 Groot ya karɓi kyautar abinci ta duniya.

To me ya hana namu samun wannan gata? Ba rashin masana ba ne. Kudancin Katsina na cikin yankunan da suka fi daɗewa da sanin ingantaccen iri a Arewa. Gozaki da Maska sun yi suna da auduga tun kafin zuwan Turawa, da Turawan suka zo kuma audugar suka nufa, domin masaƙun Ingila. Aka shigo da irin auduga na Allen, ɗan asalin Amurka, a 1912, aka buɗe tashar bincike a Samaru a 1922, aka kafa gonar ninka iri a Daudawa, injinan gurzar auduga suka tashi a Funtua da Malumfashi. A 1975 shirin bunƙasa noma na Funtua, da tallafin Bankin Duniya, ya cusa masara da takin zamani. Daga Samaru aka sami jerin ingantattun iri na auduga da masara da dawa, wato SAMCOT da SAMMAZ da SAMSORG, kuma manomin Kafur ya ci moriyarsu ƙwarai. Sai dai lissafin bai taɓa sauka daga kan abin da ake aunawa a sikeli a loda a mota ba. Abin da mace ke tsinka a bakin shinge ba shi da dillali, don haka ba shi da kasafi. J.M. Dalziel ya rubuta sunan garafuni a ƙamus ɗinsa na tsirran ƙasar Hausa tun 1916, masana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato kuma sun auna ganyen a 2006 suka sami sinadarin gina jiki da ma'adanai har da ƙarfe. An san shi, an auna shi, amma ba a kai shi kunya ba.

Yanzu ciwon suga ya dawo da shi bakin mutane, kuma nan ne nake jin tsoro. Gaskiya ne an samo sinadarai a jikin karela, irin su charantin, masu sauke suga a jinin dabbobin gwaji. Amma da ƙungiyar Cochrane ta tace gwaje-gwaje 4 da aka yi a kan mutum 479, a 2012, sai ta ce hujjar ba ta isa a ce yana maganin ciwon ba. Wancan ma karela ne, ba garafuninmu ba. Mai shan maganin asibiti in ya haɗa da jiƙo mai ƙarfi, suga na iya faɗuwa fiye da kima. Mai juna biyu ta nisance shi, domin dangin nan na da sinadaran da ke iya zubar da ciki. Ƙwayar karela kuma na ɗauke da sinadarin vicine, mai iya fasa jajayen ƙwayoyin jini ga masu ƙarancin G6PD, larurar gado da ta yawaita a Nijeriya. Mai tallar magani da lasifika a ranar kasuwa ba ya faɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A halin da ake ciki katangar bulo tana cinye danga, maganin feshi kuma ba ya tambayar wace ciyawa ce ta miya. Irin daji shi ne jarin duk mai inganta iri, domin a cikinsa juriyar fari da ta cuta ke ɓoye. Cibiyar NIHORT ta kayan lambu, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano, Samaru kuma ba ta da nisa da Funtua. Aikin farko ba mai tsada ba ne: a bi ƙauyuka a ƙarshen damina a tara ƙwaya, a shuka su jere a fili ɗaya, a ga wanne ya fi ganye, wanne ya fi jure ƙishi, wanne zai yarda da noman rani a fadama.